Kokawar da Ba Ta Ƙarewa da Kaye

Duk wanda ya tashi yana kallon kokawa a dandalin ƙauye bayan kaka, ko ya saba zama gaban talabijin lokacin gasar Takobi ta Nijar, ranar da ya fara kallon kokawar gasar duniya sai ransa ya ɓaci. Zai ga ƙato ya sunkuci ƙato ya maka da ƙasa. Shi har ya miƙe yana jiran a ɗauki gwani a kafaɗa, amma alƙali ko usur bai hura ba, yatsu kawai ya ɗaga. Wanda aka kayar ya yi maza ya juya ruf da ciki, ya baje hannuwa kamar ƙadangare, aka ci gaba da fafatawa. Ƙarshenta ma hannun wanda aka kayar ɗin ake iya ɗagawa.

Ba zalunci aka yi ba. Wasan ne daban da namu, suna kawai suka tara. A wurinmu kaye shi ne hukunci: ƙasa ta karɓe ka, magana ta ƙare, makaɗa su juya kiɗa. A can kaye maki ne, kuma sau da yawa inda kokawarmu ke ƙarewa nan tasu ke ɗaukar zafi. Wannan bambanci guda shi ke bayyana yadda ake cin gasar, shi kuma ke bayyana dalilin da ya sa ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda kokawa ta zame musu jini da tsoka, ba a cika jin ɗuriyarsu a cikinta ba.

Iri biyu ce ga maza. Akwai firistayil, wadda da ni ne mai raɗa suna sai in kira ta kama-ko'ina: an yarda ka kama ƙafa, ka yi taɗiya, ka harɗe abokin karawa da ƙafafunka. Akwai kuma Giriko-Roman, wadda ba a taɓa mutum ƙasa da ƙugu. Ba ka kama ƙafarsa, ba ka kai hari da taka, ba ka kare kai da ita. Wannan doka ta sauya har tsayuwar 'yan wasa. Ɗan firistayil a duƙe yake, hannuwa ƙasa-ƙasa, yana gadin gwiwoyinsa. Ɗan Giriko-Roman a miƙe yake, ƙirji da ƙirji, kowa na neman kafar cusa hannu ƙarƙashin hammatar ɗan'uwansa, har ɗaya ya samu ya rungumo, ya banƙara baya, ya wurga mutum ta saman kansa. Mata kuwa firistayil kaɗai suke yi, a gasar duniya da ta Olamfik duka.

Kada sunan Giriko-Roman ya ruɗi mai karatu. Ba gadon Girkawa da Romawan dā ba ne. A Faransa ta tsiro cikin ƙarni na 19, a rumfunan 'yan wasan kasuwa, kuma wani tsohon soja mai suna Jean Exbrayat ake jingina wa dokar hana kamu ƙasa da ƙugu. Daga baya aka liƙa mata sunan Girka da Rum don ta yi kwarjini. Abin dariya, kokawar tsaye ta Girkawan dā ta fi kama da tamu, domin kaye suke ƙirgawa, wanda ya kayar sau uku shi ya ci. Ita firistayil daga Lankasha ta Ingila ta fito, wasan leburorin ma'adinai da masaƙu, Amurkawa suka karɓa suka raine ta. An yi kokawa a Olamfik ta farko ta zamani a Atina a 1896, firistayil ta shigo a 1904. Gasar duniya ta Giriko-Roman ta soma a Biyana a 1904, ta firistayil sai a 1951 a Helsinki. Mata sun samu tasu a 1987, amma ba a buɗe musu ƙofar Olamfik ba sai 2004.

Asalin hukuncin wasan shi ne a danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa. Har gobe wanda ya yi haka ya ci nan take, ko da ana binsa maki tara. Matsalar ita ce gwanaye biyu kan wuni babu wanda ya danne wani. A Olamfik ta Stockholm a 1912, Martin Klein, ɗan Estoniya mai wakiltar Rasha, ya kara da Alfred Asikainen na Finlan. Awa 11 da minti 40 suka yi. Klein ya ci, amma jikinsa ya mutu murus har bai iya fitowa wasan ƙarshe ba, aka miƙa wa ɗan Suwidin zinare ba tare da ya yi gumi ba. Tarihin dokokin kokawa daga wannan rana, in ka duba, kokawa ce da agogo: yaya za a raba gardama tsakanin ƙarti biyu cikin ɗan lokacin da mai kallo zai iya haƙurin zama?

Amsar da ake kai yau ita ce minti shida, zagaye biyu na minti uku-uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani, a cikin da'ira mai faɗin mita tara. Ɗaya na sanye da ja, ɗaya da shuɗi. Ka tura mutum ya taka waje, maki ɗaya. Ka kai shi ƙasa ka haye bayansa, biyu. Ka karkata bayansa ya fuskanci katifa, biyu. Ka ɗauke shi daga tsaye ka jefa shi ta baya, huɗu, in jifar ta yi sama sosai har biyar. Tazarar maki 10 a firistayil, ko 8 a Giriko-Roman, tana tsayar da wasa tun kafin lokaci ya cika. Ba a tashi kunnen doki: in maki ya zo ɗaya, sai a duba wanda ya yi kamu mafi tsada, sannan wanda ya fi ƙarancin gargaɗi, sannan wanda ya ci na ƙarshe. Koci na iya ƙalubalantar hukunci a duba bidiyo, amma in bai yi nasara ba, an ƙara wa abokin hamayya maki ɗaya. Alƙalai uku ne ke kan kowane wasa.

Inda rigimar take shi ne hukuncin noƙewa, wato mutum ya ƙi kai hari yana cin lokaci. A firistayil akan ba mai noƙewa daƙiƙa 30. In suka wuce ba a ci maki ba, ɗayan ya samu ɗaya. A Giriko-Roman hukuncin ya fi ciwo. Za a ba abokin karawarka maki ɗaya, sannan a ce ka kwanta ruf da ciki a tsakiyar fage ya hau kanka. Daga nan zai ɗaure hannuwansa a haƙarƙarinka ya matse, ya mirgina da kai. Kowace mirginawa maki biyu ce. Ka lissafa: ɗaya na noƙewa, da mirginawa huɗu, tara ke nan, an tashi, alhali babu wanda ya kayar da kai daga tsaye. A ganina nan ne Giriko-Roman ta fi rauni, domin ikon da aka ba alƙali ya yi yawa. Ba wasa ɗaya ba, ba biyu ba, a manyan gasanni ake ƙarewa 1-1, kuma duka makin biyu ba ɗan kokawa ne ya ci su ba, alƙali ne ya raba.

Wanda ke shakkar cewa doka ce ke mulki a wannan fage, ya tuna da Aleksandr Karelin na Rasha. Zinare uku a Olamfik, 1988 da 1992 da 1996, kambin duniya tara, shekara 13 babu wanda ya doke shi a gasar ƙasa da ƙasa. Mutum ne da ke ɗaukar ƙato mai kilo 130 daga kwance kamar buhun ƙaiƙayi ya juya shi a iska. A Olamfik ta Sidni a 2000 ya haɗu da Rulon Gardner, ɗan masu kiwon shanun madara daga Wayomin ta Amurka. Dokar lokacin ta ce in an gama zagayen farko babu maki, sai a sa su rungumi juna, wanda ya fara sakin hannu an ci shi ɗaya. Hannun Karelin ya zame na ɗan ƙiftawar ido. Sai da alƙalai suka koma ga bidiyo kafin su tabbatar. Aka tashi 1-0. Gaba da gabanta, in ji masu magana, amma a gaskiya ba Gardner ne ya kayar da shi ba, sakin hannu ne.

Irin waɗannan dokoki su suka kusa kai wasan kushewa. Daga 2005 aka koma zagaye uku na minti biyu-biyu, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Idan zagaye ya ƙare babu maki a firistayil, sai a zura hannu cikin jaka a zaro ƙwallo, ja ko shuɗi. Wanda launinsa ya fito shi za a ba ƙafar abokin karawarsa ya riƙe kafin a hura usur. Ƙuri'a ke nan, kuma wanda ya riƙe ƙafa kusan kullum shi ke ci. 'Yan wasa suka gane cewa zaman jiran jaka ya fi kai hari riba. Mai kallo ya kasa gane komai. A watan Fabrairun 2013 majalisar zartarwa ta Kwamitin Olamfik na Duniya ta ba da shawarar cire kokawa daga jerin wasannin dindindin tun daga 2020.

Abin da ya biyo baya ya isa a tsaya a kansa. Shugaban hukumar kokawa ta duniya, Raphaël Martinetti, ya sauka cikin 'yan kwanaki, Nenad Lalović na Sabiya ya karɓa. Amurka da Iran da Rasha, waɗanda ba sa ga-maciji a siyasa, suka haɗa 'yan wasansu a babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a birnin New York a watan Mayu, don duniya ta gani. Aka yar da jaka da ƙwallonta, aka dawo da tara maki daga farko har ƙarshe, aka ɗaga darajar kai mutum ƙasa zuwa maki biyu. A Olamfik aka rage wa salon maza biyu rukunin nauyi ɗai-ɗai aka ƙara wa mata biyu, ya zama shida, shida, shida. A watan Satumba a Buenos Aires aka kaɗa ƙuri'a kan wasan da za a ba gurbi a Olamfik, kokawa ta samu 49, ta doke besbol da sikwash. Shekara ta zagayo, hukumar ta sauya suna daga FILA zuwa United World Wrestling. Gyaran da aka shekara ana roƙo ba a yi ba, tsoro ya sa an yi shi cikin wata bakwai.

Tsarin gasar kansa yana da nasa sarƙaƙiya. A gasar duniya rukunin nauyi goma ne ga kowane salo, lambobin zinare 30 ke nan, amma a Olamfik shida-shida ne, 18. Saboda haka duk shekarar da Olamfik ta gabato sai ka ga zakaran wani rukuni yana ramar dole ko yana neman ƙiba don ya shiga inda ake da kujera. Kowace ƙasa mutum ɗaya take kawowa a kowane rukuni. Wanda aka fitar bai gama ba tukuna: in wanda ya doke shi ya kai wasan ƙarshe, sai a dawo da shi ya nemi tagulla, kuma tagulla biyu ake bayarwa. Shi ya sa za ka ga ɗan kokawa zaune a gefe yana yi wa wanda ya lallasa shi ɗazu addu'ar nasara da zuciya ɗaya.

Sai maganar sikeli, wadda ta fi kowane abokin karawa rashin imani. Tun 2018 kowane rukuni kwana biyu yake ɗauka, kuma ana awo da safiyar kowace rana. Manufar mai kyau ce: a hana mutum ƙona ruwan jikinsa ya hau sikeli, sannan ya kwana yana ɗura ya shigo fage da nauyin da ba na rukuninsa ba. Amma dubi abin da ya sami Vinesh Phogat ta Indiya a Olamfik ta Paris a 2024. Ta sauko daga kilo 53 zuwa 50. Ranar farko ta doke Yui Susaki ta Japan, wadda ba a taɓa cin ta a gasar ƙasa da ƙasa ba, ta wuce har wasan ƙarshe. Bayan wasa uku dole ta ci ta sha, nauyi ya hau. Ta kwana tana fama, har gashinta aka rage. Da safe sikeli ya nuna ta haura da giram 100, abin da bai kai nauyin albasa matsakaiciya ba. Ba wasan ƙarshe kaɗai ta rasa ba, har azurfar da take ganin ta riga ta shiga hannu. Ta kai ƙara kotun wasanni ta duniya, aka kori ƙarar. Doka ta bi hanyarta, ban musa ba, sai dai har yau ban ga hikimar shafe wa mutum nasarorin da ya ci jiya da halattaccen nauyi ba.

To su wa ke ci? Rasha da ƙasashen da suka fito daga Tarayyar Sobiyat, da Iran, da Turkiyya, da Amurka, da Japan, da Kyuba. Yawancinsu suna da tsohuwar kokawar gargajiya: Iraniyawa da gidajen motsa jikinsu na zurkhane, Turkawa da kokawar shafa mai ta Kirkpinar, mutanen Jojiya da cidawoba. Amma gargajiya kaɗai ba ta ba su komai ba. Abin da ya ba su shi ne sun ɗauki yaro tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas sun ɗora shi kan katifa, ƙarƙashin koci mai albashi. Amurka ta yi nata ta hanyar makarantun sakandare da jami'o'i. Japan ta zuba ƙarfi kan mata tun kafin sauran su farka, ta fitar da Saori Yoshida mai kambin duniya 13 da Kaori Icho mai zinaren Olamfik huɗu a jere. A Paris Japan kaɗai ta kwashe zinare 8 cikin 18. Kyuba, duk da talaucinta, ta ba duniya Mijaín López, wanda ya ci zinare biyar a jere daga 2008 zuwa 2024, ya cire takalmansa ya ajiye a tsakiyar fage yana da shekara 41.

Babu inda abin ya kai Dagestan, wani yanki na Musulmi a duwatsun kudancin Rasha. Gwanaye sun yi musu yawa har kujera ɗaya ta Rasha ba ta isarsu, cin gasar gida kan fi cin ta duniya wuya. Sai ragowar suka zama haja. Akhmed Tazhudinov ya ɗauki tutar Baharain, ya wuce ta kan zakarun Olamfik biyu, Kyle Snyder da Abdulrashid Sadulaev, a gasar duniya ta Belgired a 2023 yana ɗan shekara 20. A Paris 'yan kokawar Rasha ba su je ba, amma zinare uku cikin shida na firistayil na maza 'ya'yan Dagestan ne suka ɗauka: Tazhudinov wa Baharain, Razambek Zhamalov wa Uzbekistan, Magomed Ramazanov wa Bulgeriya. Mai duba teburin lambobi zai zaci wasan ya bazu a duniya, alhali yanki guda ne ya rarraba 'ya'yansa.

A Afirka, Masar ce ta daɗe a fagen: Ibrahim Moustafa ya ci zinare a 1928, Karam Gaber a 2004, dukansu a Giriko-Roman. Marwa Amri ta Tunisiya ta samu tagulla a 2016. Senegal, inda ɗan kokawa ke cika filin ƙwallo da 'yan kallo, lambar Olamfik ɗaya gare ta, kuma a tseren tsallake shinge aka samo ta a 1988. Nijar, mai gasar Takobi tun 1975, lambobinta biyu ne: damben zamani na Issaka Daboré a 1972, da tekwando na Abdoul Razak Alfaga a 2016. Ko ɗaya babu ta kokawa.

Nijeriya ta ɗan tsere musu, kuma hanyar da ta bi ita ce hujjata. Daniel Igali ya koyi kokawar gargajiya ta Ijo a ƙauyensu a Bayelsa, ya koma katifa, ya je Kanada gasar Kwamanwel a 1994 ya ƙi dawowa. Ya zama zakaran duniya a 1999, ya ci zinare a Sidni a 2000, amma tutar Kanada ya shimfiɗa ya sumbata. Daga baya ya komo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta Nijeriya. A zamaninsa Odunayo Adekuoroye, 'yar jihar Ondo, ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 2017, Blessing Oborududu ta Bayelsa kuma ta ci azurfa a Tokiyo, lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta samu a kokawa. Wadda ta doke ta, Tamyra Mensah-Stock ta Amurka, mahaifinta ɗan Ghana ne. Lura da abu biyu: mata ne suka ɗauko, kuma daga wuraren da aka shimfiɗa katifa aka ajiye koci suka fito.

Zakaran kokawar gargajiya na Sakkwato ko Dosso ba ƙarfi ya rasa ba, ba kuma dabarar tsaye ba. A tura mutum waje, a karya masa tsayuwa, a karanta inda nauyinsa ya karkata, duk ya iya. Abin da bai taɓa koya ba shi ne rabin wasan da ke ƙasa: yadda ake manne wa katifa a ƙi mirginuwa, yadda ake kafa kai da dugadugai a banƙare don kada kafaɗu su taɓa, yadda ake ci gaba da faɗa bayan an sha kaye. Duk tarbiyyarsa ta ginu ne kan cewa wanda ya taɓa ƙasa ya gama. Wuyan da zai ɗauki wannan banƙarewa tun ƙuruciya ake gina shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma lissafin aljihu: gwanin da ke samun kuɗi da kyautar masu mulki da kirarin makaɗa a gida, me zai kai shi ya koma ɗan koyo a wasan da babu ganga, babu 'yan kallo?

Akwai salo ɗaya a ƙarƙashin hukumar ta duniya da ya yi kusa da namu, wato kokawar rairayi. A tsaye ake yin ta, cikin da'irar yashi, minti uku, wanda ya fara tara maki uku ya ci, kuma ba a bin mutum ƙasa. An sa ta a jadawalin gasar Olamfik ta matasa ta Dakar ta 2026, karo na farko da wata gasar Olamfik ta zo Afirka. A babbar Olamfik kuwa ba ta da kujera tukuna. Lambobi 18 ɗin nan duka a kan katifa ake raba su.